Jaka Mai Hannu Huɗu

Duk wanda ya bi ta layin teloli na unguwar Maourey a Yamai da hantsi ya san abin da zai tarar. Kekunan ɗinki na ta kuka, mai shayi na ta fifita gawayi, ga kuma wani dattijo tsaye a tsakiyar rana, kansa cikin baƙar jaka har wuya, yana juyawa a hankali, gabas, kudu, yamma. Baƙo yakan ja burki ya yi salati. 'Yan unguwa kuwa ko kallo ba sa yi. Sun san Malam Halidu Tela ne ke duba jakarsa, kuma sai ya gama zai amsa gaisuwa.

Haske yake nema a ciki, ko da kamar tsinin allura. In ya ga ɗigo ɗaya, to ranar mai wando sai ya yi haƙuri, don ba abin da zai hau keke sai an toshe hudar. In bai gani ba, sai ya zare kai, ya kakkaɓe jakar, ya ninke ta, ya gai da maƙwabcinsa Bazabarme da "Fofo," sannan ya zauna ga ɗinki. Matarsa Hajara ta ce shekara goma sha uku ke nan tana jiran ranar da zai dubi rufin ɗakinsu da irin wannan ido, don shi ma yana da huda, kuma ba ta allura ba.

Jakar nan ta aikin silima ce. Fim ɗin da ake ɗura wa kamara dogon abu ne mai faɗin yatsa, naɗe cikin gwangwani shimfiɗaɗɗe kamar faifai. Kafin a kai shi inda ake wanke shi, haske ne babban abokin gabarsa. Aka buɗe gwangwani a sarari, ko na ƙiftawar ido ne, duk abin da aka ɗauka ya tafi, ba kuwa zai dawo ba. Shi ya sa ake ɗura shi, ake kuma sauke shi, cikin baƙar jaka mai hannuwa irin na riga. Mutum ya zura hannayensa, ya yi aiki da lalube, idonsa na kallon sama. A Yamai, daga 'yan fim na gida masu fafutuka da aljihunsu har baƙin da ke zuwa daga ƙetare, in za a fita daji da kamara, tambayar farko ita ce ko an samu mota. Ta biyu ita ce ko Halidu na nan.

Shi dai ba silima ce ta kawo shi birni ba. Farin saba'in da uku ne ya koro shi daga wani ƙauye na Adar, da kan keke a kafaɗa da almakashi a aljihu. Bayan shekara uku, wani Anasara mai ɗaukar fim, wanda layin ya laƙaba wa suna Dogo, ya kawo jakarsa da ta yage a gyara masa. Halidu ya juya ta, ya ce ƙyallen ya gaji, ya ɗinka masa sabuwa ruɓi biyu. Dogo ya sa kai a ciki bai ga ko ɗigon haske ba, sai ya maƙale wa tela, shi lallai sai ya koya masa ɗura fim don ya riƙa raka shi daji.

Nan fa aka yi ta. Faransancin Halidu bai wuce "marsi" ba, Hausar Dogo ta ƙare a "sannu." Kwana uku Anasara na ɗaga murya, tela na gyaɗa kai, ba wanda ya gane wani, tunda abin da ake son nunawa yana cikin duhu. A rana ta huɗu Halidu ya zo da jakar, ya ƙara mata hannu biyu ta ɗaya gefen. Ya nuna wa Dogo, ya ce, "Sa naka, in sa nawa." Kafin azahar ya iya. Yatsun Dogo suka kama nasa suka kai su bakin gwangwani, suka bi da su kan naɗin, suka nuna musu inda ake riƙewa da inda ba a taɓawa. Teloli suka yi ta dariya, suka sa mata suna rigar tagwaye. Dogo ya koma ƙasarsu, rigar tagwaye ta zauna, kuma a cikinta aka koya wa kusan duk wanda ya taɓa ɗura fim a garin nan.

Kai ne mai ido a yatsa, Malam Halidu. Ba ka taɓa leƙa idon kamara ba, ba ka taɓa cewa kai ɗan fim ne ba, amma fina-finai nawa suka tsallaka teku don hannunka bai yi gardama ba?

Daga cikin ayyukansa, akwai ɗaya da ya sa aka ɗauki alƙalami yau. A bazarar tamanin da biyar, bayan daminar da ta ƙi, Mushe Isa ya zo shagon. Mushe Isa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ɗan Damagaram da ya ajiye alli ya ɗauki kamara, ba kamfani a bayansa, ba kowa. Wani abokinsa na ƙetare ya aiko masa da gwangwani bakwai na fim, bakwai cif, babu na takwas. Yana so ya je Adar ya ɗauki mutanen da suka ƙi barin garuruwansu. Ya yi ta hawa da sauka a ofisoshin gwamnati na Plateau har ya samu takardar izini. Halidu ya rufe keke da zane, ya ɗauki jaka. Kowane gwangwani ya ɗaura masa zare, na farko ƙulli ɗaya, na biyu ƙulli biyu, don ya gane su a cikin duhu.

Kwana goma sha biyu suka yi. Gwangwani shida suka tafi kan rijiyoyi da rumbuna da kasuwar da babu hatsi. Na bakwai ya faɗa kan wata tsohuwa mai suna Yelwa, a wani gari da gida uku kaɗai ke tada hayaƙi. Sun tarar da ita tana jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ba a ci sai yunwa ta kai maƙura. Ta daɗe tana kallon kamara, sannan ta sa hannu ƙarƙashin zanenta ta ciro wani ƙulli daga ƙugu, ta kwance shi a hankali. Gero ne, bai fi tafi biyu ba.

Mushe Isa ya ce, "Inna, kina da hatsi kike cin anza?"

Ta ce, "Wanga ba na ci ba ne, ɗana. Iri ne. In na ci shi yau, mi zan ba ƙasa in ruwa ya zo?" Ta maida ƙullin, ta ɗaure tamau. "Ka gani, ka gani ke nan. Ba ni sake kwance shi sai ranar shuka."

Fim ya ƙare a kan hannunta. Mushe Isa ya juya baya yana share ido. Halidu ya sauke fim ɗin cikin jaka, ya rufe gwangwanin, ya naɗe bakinsa da sikoc, wato tef mai manne, ya ɗora shi a kan sauran. Su biyun sun san cewa in wani abu ya samu wannan, babu inda za a sake samo shi.

A hanyar dawowa, rana tsaka, suka iso shingen sojoji na bakin gari. Wanda ya rayu a waɗannan shekaru ba sai an yi masa bayanin shinge ba. Sarjan ɗin da ke wurin, wani ƙaƙƙarfa mai suna Abdou, ya sa aka sauke kaya. Ya zo kan akwatin fim.

"Mi ke cikin gwangwanayen ga?"

"Fim ne, shef. Ga takardar izini," in ji Mushe Isa.

Sarjan ya karanta ya miƙa masa. "Takarda ta ce ku ɗauka. Ba ta ce kar in duba ba. An ba mu oda, duk abin da ke rufe a buɗe shi. Ale, maza buɗe."

"Ba ya buɗuwa a rana, shef. Ba a wanke shi ba tukuna. Sai an kai shi Faransa an wanke."

Da Mushe Isa ya san abin da kalmar nan za ta jawo, da ya haɗiye ta. Fuskar sarjan ta sauya nan take.

"Wanki? Mutane na tonon rairayi da hannu su samu na sha, ku kuna da kayan da sai an kai su ƙasar Anasaru wanki?"

Ya ɗauki gwangwanin da ke sama, mai ƙulli bakwai, ya sa farcen babban yatsa ƙarƙashin sikoc ɗin. Mushe Isa ya ruɗe, malamin da ke cikinsa ya tashi, ya shiga zuba Faransanci kamar yana gaban allo. Yana ƙara dogon bayani, ran sarjan na ƙara ɓaci. Sikoc ya fara ɗagowa.

Sai Halidu ya matso da jakarsa a kafaɗa, ya ɗan russuna.

"Shef, gaskiyarka. Aikinka ne ka duba, kuma za ka duba, duka bakwai ɗin. Sai dai abin ga ba da ido ake duba shi ba, da hannu ne. Ni shekara tara ina aikinshi ban taɓa ganin shi ba."

"Ba ka taɓa ganin shi ba?"

"Ko sau guda. Zo in gwada maka."

Ya shimfiɗa jakar a kan bencin da ke ƙarƙashin rumfa, hannu biyu ta nan, biyu ta can. Sarjan ya dube ta, ya dubi telan. Son sani ya fara cin ƙarfin fushi. Halidu kuwa bai tsaya nan ba, sai da ya kafa sharuɗɗa. A cire agogo, don hannayensa na ƙyalli a duhu. A goge gumin tafi. Sannan, tunda hannu biyu za su shiga, bindiga sai dai a ba wani ya riƙe. Wa ya taɓa jin tela ya ce wa soja ya ajiye bindiga a shinge, a shekarar tamanin da biyar? Direbansu ya ce shi a lokacin ya fara karanto duk addu'ar da ya sani. Amma sarjan ya miƙa wa wani sojansa bindigar, ya zauna, ya zura hannu.

Gwangwani ɗaya bayan ɗaya Halidu ke sawa, ya ja zif, ya buɗe a ciki, ya kamo yatsun sarjan ya bi da su. "Ga baki. Ga naɗin, taɓa gefe kawai. Ga ramin tsakiya. Akwai harsashi?" Sarjan ya ce babu. Kowane kuma sai Halidu ya faɗa masa abin da ke ciki, wannan rijiyar gari kaza ce, wannan rumbunan wane ne. Kafin a kai na biyar, sarjan da kansa ke tambaya, "Wanga fa, mi ke ciki?"

Da aka zo na bakwai, Halidu ya ba shi labarin Yelwa da ƙullinta. Sarjan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Tawa uwar cikin gora take sa nata, ta liƙe da laka."

Murfi na buɗe, naɗin fim na tsakanin yatsunsu, sai ga ƙarar mota. Wani soja ya daka tsawar a ƙame, "Gardabu!" Liyetna ne, hafsan da ke sama da sarjan, ya zo zagayen shinge. Jikin soja ba ya shawara da shi in ya ji wannan kalma. Sarjan ya zabura zai miƙe. In ya zare hannu, hannayen jakar biyu za su zama ƙofa, ranar bazara ta shiga, tsohuwa da irinta su shafe.

A cikin duhun jakar, inda ba mai gani, Halidu ya cafke wuyan hannayen sarjan duka biyu, ya riƙe gam.

Ya san abin da ya yi. Riƙe soja a bakin aiki, a gaban babbansa, ba laifin da ake biya da ban haƙuri ba ne a wancan zamani. Ya tuna Hajara da yara, amma bai saki ba. Ya dubi sarjan ido cikin ido, ya ce yadda su biyu kaɗai za su ji, "Shef, in ka zare, tsohuwa ta kwance ƙullinta a banza."

Hannayen suka fizga sau ɗaya. Sannan Halidu ya ji sun yi laushi. Ya saki. Maimakon su fita, sai suka lalubo gindin gwangwanin suka tallafe masa shi.

Liyetna ya iso ya tarar da sojojinsa a ƙame, sarjan ɗinsa kuwa zaune a benci, hannu cikin jaka ɗaya da farar hula.

"Sarjan! Ba ka gan ni ba?"

"Na gan ka, mon liyetna. Ina cikin bincike."

"Mutumin ga riƙe ka ya yi?"

"A'a, mon liyetna. Ni ke riƙe da kaya."

Halidu ya maida naɗin, ya daidaita murfi, ya zagaye shi da sikoc, yatsunsa na tafiya kamar suna shagon Maourey. Ya ce, "An gama, shef." Sarjan ya zare hannu, ya miƙe, ya sara.

"Mi ka samu?"

"Fim, mon liyetna. Gwangwani bakwai. Kowane na taɓa shi."

Aka ɗaga musu shinge. A mota Mushe Isa ya yi ta yabon sarjan, yana cewa Allah ya haɗa su da mutumin kirki. Halidu kuwa ruwa kawai ya roƙa, aka miƙa masa gora ya sha.

Gwangwanaye suka hau jirgi, aka wanke su, aka haɗa fim. Ya zagaya bukukuwan silima a ƙasashen da Halidu bai san sunansu ba, aka tafa wa Mushe Isa, ya kuma cancanta. Sunan tela yana can ƙarshen jerin sunaye, ƙasa da na direba. A Yamai kuwa fim ɗin ya yi shekara huɗu bai ga allo ba, kullum ana cewa lokaci bai yi ba. Madam Balkisa ce, mai shirya Makon Silima da muke yi kowace shekara, ta sa ƙafa ta ƙi cirewa, ta yi ta sintiri da takardu har aka gaji da ganinta aka sa hannu. Makon jiya, bayan la'asar, aka nuna shi a babban ɗakin taro, tagogi a rufe da baƙaƙen labule. Ba sai an faɗi wanda ya ɗinka labulen ba.

Madam Balkisa ta zaunar da Halidu a layin gaba, don ya sanar cewa daga bana ya daina fita daji. Yatsu sun fara nauyi, kuma samarin yanzu kaset na bidiyo suke sawa, abin da ba ruwansa da duhu. Ana shirin kashe fitila, wani mutum mai hular malfa ya zo ya zauna kusa da shi, ya yi sallama. Halidu ya amsa, bai gane shi ba.

Fim ya yi nisa, Yelwa ta bayyana, ta sa hannu ƙarƙashin zane. Sai Halidu ya ji an kama wuyan hannunsa.

"Ita ce ta bakwai?"

Halidu ya gane hannun kafin muryar. Ya ce, "Ita ce, shef."

Da aka kunna fitila, mutumin ya miƙe, ya cire malfa. Ya ce sunansa Abdou, ya bar kaki, yanzu shinkafa yake nomawa a Saga. Ya ji sanarwa a rediyo ne ya zo ya ga abin da ya taɓa da hannu bai gani da ido ba. Sannan ya ba da labarin abin da ya faru cikin jaka, daga farko har ƙarshe.

"An ce mini ana yabona kan fim ɗin ga," in ji shi. "Ni zarewa zan yi. Tsohon ga ne ya riƙe ni. Na sha kwana takwas a kulle don ban tashi da wuri ba, kuma wallahi yau na san ban yi asara ba."

Mushe Isa ya juyo yana kallon Halidu, baki buɗe. "Malam, shekara huɗu ba ka gaya mini ba?"

"Mushe, da na faɗa, da shi zan ja wa magana. Ya rufa mini asiri, sai in tona nashi?"

Wata mata daga baya ta ɗaga murya ta tambayi abin da kowa ke son ji, ko tsohuwar ta shuka. Mushe Isa ya ce ta shuka, ya koma da kaka ya tarar da geron ya fi shi tsawo. Ɗakin ya ɗauki tafi, Hajara ta rangaɗa guɗa, Halidu ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, kamar wanda aka kama da laifi.

To ɗago kai, Halidu na Hajara. Kai ne ka ga bakinka ya kasa, ka ɗinka wa hannu hanya. Kai ne ba ka ce wa soja ba ya da iko ba, ba ka kuma ce masa bai san komai ba, ka jawo shi cikin aikin har ya zama nasa. Kai ne ka ji tsoro ka ƙi saki. Duk wanda ya ga tsohuwar nan ta kwance ƙullinta, a nan ko a ƙetare, da hannunka ya gan ta. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa yatsun nan lafiya, ya kuma ba ka ikon duba rufin ɗakin Hajara kafin damina.

Ku kuma masu kamara, da masu shirya biki, da duk mai wata sana'a da ya iya, ku dubi jakarku. In hannu biyu gare ta, naku kaɗai, to ku nemi ƙyalle ku ƙara.

Madam Balkisa ta roƙe shi ya ba ta jakar a rataye a ofishin Makon Silima, mutane su riƙa gani. Ya ƙi. Shekaranjiya da hantsi an gan shi a layin teloli, kai cikin jaka, yana juyawa gabas, kudu, yamma. Da ya fito aka tambaye shi amfanin dubawa tunda ya daina fita daji. Ya ninke ta, ya sa ƙarƙashin teburin keke.

Ya ce, "Hannu biyu ne nawa. Biyun na wanda ya zo ne, kuma ban san ranar da zai zo ba."